Keken Tsere na Farko: Me Za Ka Duba Idan Kuɗinka Kaɗan Ne?

 

Yau zancen keke za mu yi, keken tsere. Kun san shi ai: mai siririyar taya, mai kai lanƙwasasshe zuwa ƙasa, wanda mahayinsa ke duƙawa idan ya ɗauki gudu. Da sassafe za ku ga samari a kansa, bibbiyu ko uku-uku, a titunan bayan gari. Wasu don motsa jiki suke hawa. Wasu kuwa kuɗin mota ne ya koro su, tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023. Akwai kuma waɗanda sha'awa ce ta ja su. Sun ga Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritriya, ya ci koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024. Sun ji an yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka. Nan maƙwabta ma, a Burkina Faso, tun 1987 ake gasar Tour du Faso.

To, sha'awa ta zo, kuɗi kuma kaɗan ne. Ya za a yi? Abin da za mu tattauna ke nan. Maganata guda ce, kuma za ku yi ta jin ta har ƙarshen shiri. Sayi keken da ya yi daidai da jikinka, wanda kuma mai gyaran unguwarku zai iya riƙe maka shi. Daidai da jikinka, kuma mai gyaruwa a kusa da kai. Fenti da suna sai su biyo baya.

Kafin mu shiga kasuwa, ga tambayar farko. Ina za ka riƙa hawan keken nan?

Tsaya ka ba kanka amsa ta gaskiya. An yi keken tsere ne domin kwalta. Idan daga ƙofar gidanka zuwa wurin aiki rairayi ne da burji da ramuka, zai wahalar da kai. Siririyar taya nutsewa take yi a cikin yashi. Idan buhun masara za ka ɗauko daga kasuwa, ko yara za ka kai makaranta, bai dace da kai ba. Yawancin kekunan tsere ko kariyar ɗora kaya ba su da ita. Wannan aikin na kekunan iyayenmu ne, irin su Raleigh da Phoenix, masu ɗaukar kaya ba gajiya. Nauyinsu kan kusanci kilo 20. Keken tsere mai sauƙin kuɗi kuwa bai cika wuce kilo 10 ko 11 ba. Wannan rashin nauyin shi ne daɗinsa, shi ne kuma ya sa ba ya son kaya.

Amma idan mafi yawan hanyarka kwalta ce, kana kuma son ka ci kilomita 20 ko 30 ba tare da ka galabaita ba, to bismillah, mu ci gaba.

Mu shiga magana ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci a wurina. Maganar awo.

Jama'a, keken tsere awo gare shi kamar takalmi. Takalmin da ya matse ka, komai kyansa, komai arahar da ka same shi, ƙarshensa ƙarƙashin gado. Haka keke yake. Idan ya fi ƙarfinka, za ka yi ta miƙa hannu kana neman birki. Wuya zai ƙage, kafaɗu su yi tsami, ƙugu ya riƙe. Idan kuma ya yi maka ƙanƙanta, za ka takure, gwiwa ta riƙa ciwo. Bayan sati biyu sai ka ce keken tsere ba shi da daɗi. Alhali awon ne bai yi ba.

Ana auna gangar jikin keke, wato firem, da santimita. Sau da yawa za ka ga lambar a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi: 52, ko 54, ko 56, ko 58. A kimance, mutumin da tsayinsa ya kai santimita 165 zai duba 50 zuwa 52. Mai 175 ya duba 54. Mai 180 ya duba 56. Dogo wanda ya haura 185 sai ya nemi 58 ko sama. Na ce a kimance, domin kamfanoni sun bambanta wajen awo, jikin mutane ma ya bambanta. Wani ƙafa ce doguwa, wani kuma baya. Saboda haka lamba farkon bincike ce kawai. Sai ka gwada da jikinka.

Ga yadda za ka gwada, a nan cikin kasuwa, a gaban mai keke.

Ƙetara keken ka tsaya, ƙafafunka biyu a ƙasa, bututun sama yana tsakaninsu. Ya kamata a sami tazarar yatsa biyu ko uku tsakanin bututun da jikinka. Idan sai ka yi ɗage kafin ka tsaya, ya fi ka. Ajiye shi, ko da mai keke ya rantse cewa za ka saba.

Sai ka hau sirdi, wani ya riƙe maka keken. Ɗora diddigenka a kan feda, ka juya ta ta sauka can ƙasa. A ɗaga sirdi ko a sauke shi har sai ƙafarka ta miƙe sak. Idan ka dawo da gaban tafin ƙafarka kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwar za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Nan ne wurin zaman sirdinka. Duba kuma sandar da ke riƙe da sirdin. Akwai layi a jikinta da ke nuna iyakar inda aka yarda a zaro ta. Idan sai an wuce layin nan kafin keken ya yi maka, to ya yi maka kaɗan.

Na ƙarshe, ɗora hannuwanka a saman mariƙin birki. Gwiwar hannunka ta ɗan saki. Yatsunka biyu su kai ga birki ba tare da ka yi miƙa ba.

Iyaye, ina da magana da ku a nan. Na san al'adarmu ta sayen abu da girma, a ce yaro zai girma ya cika shi. A riga wannan ba laifi. A keken da ke gudu a kan titi tare da motoci da 'yan adaidaita, akwai haɗari. Yaron da hannunsa bai kai birki sosai ba, ba zai iya tsayawa a lokacin da ya kamata ba. A saya masa daidai shi. In ya girma, a sayar, ko ƙanensa ya gada.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan sayen keken tsere na farko da kuɗi kaɗan. Mun ce awo ne kan gaba.

Magana ta uku: sabo ko na hannu?

Ga ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye. Idan kuɗinka kaɗan ne, na hannu mai asali ya fi sabo mai kama da keken tsere. Akwai sababbin kekuna a kasuwa masu ƙyalli, da lanƙwasasshen kai, da manyan rubuce-rubuce a jiki. Ɗaga ɗaya ka ji. Nauyi kamar me. Mariƙin birkinsa yana lanƙwashewa a hannu, giyarsa ba ta zama inda aka sa ta. Wani lokaci ma sunan babban kamfani ne aka manna masa da sitika. Da kuɗin da za ka ba da a kansa, kana iya samun ɗan gwanjo da aka shigo da shi daga Turai ko Japan, wanda fentinsa ya ɗan koɗe amma ƙashinsa lafiya lau.

Sai dai sayen na hannu yana son ido. Kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki mai gyaran keken da ka yarda da shi, ka biya shi ladan yininsa. Wannan ɗan kuɗin ya fi duk wani ragi da za ka samu a ciniki amfani. Kuma ka je da rana tsaka, ka fito da keken fili. Cikin rumfa mai duhu kowane keke sabo ne.

Yanzu bari mu duba keken tare, daga gaba zuwa baya.

Fara da firem, domin shi ne keken. Tsuguna ka dubi wuyansa, daidai inda bututun ƙasa ya haɗu da na gaba. Shafa ƙarƙashin wurin da yatsa. Idan ka ji ɗan kumburi, ko ka ga fenti ya tattare ya tsattsage a zagaye, keken nan ya taɓa yin karo da gaba. Bar shi. Duba duk inda aka yi walda. Siririn layi baƙi kamar gashi a gefen walda tsagewa ce. Sabon fenti a wuri ɗaya tak, shi ma abin tambaya ne.

Da me aka yi firem ɗin? Iri uku za ka tarar. Akwai ƙarfe. Ya ɗan fi nauyi, yana tsatsa, amma yana da haƙuri, kuma in ya karye mai walda zai iya taimaka maka. Akwai alminiyam. Ba nauyi, ba tsatsa, shi ya fi yawa a kekuna masu sauƙin kuɗi, kuma yana da kyau ƙwarai ga mai farawa. Amma in ya tsage, waldar bakin titi ba ta riƙe shi. Na uku shi ne kabon, wani irin zare ne da ake haɗawa da danƙo a gasa. Da shi ake yin kekunan manyan 'yan gasa. Yana iya tsagewa ta ciki, waje kuma sumul. Idan ka ga keken kabon na hannu da araha mai ban mamaki, ba ka san tarihinsa ba, shawarata ka wuce. A kekenka na farko, ƙarfe ko alminiyam sun ishe ka.

Sai ka matse birkin gaba, ka tura keken gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin wurin ya saki ko ya cinye. Kama feda ɗaya ka girgiza ta gefe da gefe. Bai kamata ta yi rawa ba. Waɗannan duk ana gyara su, amma ka sa su cikin lissafin ciniki.

Ɗaga ƙafar gaba ka juya wili. Zuba ido daidai robar birki. Wilin yana tafiya sak, ko yana lilo yana taɓa roba? Ɗan lilo kaɗan, mai gyara zai ɗaure wayoyin ya miƙe. Amma shafa gefen wilin, inda birki ke kamawa. Idan ya zaizaye ya yi rami, ƙarfen ya kusa ƙarewa, kuma wili kaya ne mai tsada. Yi wa na baya haka.

Ka sa a kwance sandar sirdi da alanki a gabanka, a motsa ta sama da ƙasa. Mutane da yawa ba sa tuna wannan. A tsofaffin kekuna sandar kan manne da firem, ta ƙi motsi ko da an yi ta duka. Keken da sirdinsa ba ya hawa ba ya sauka, ba za ka taɓa daidaita shi da jikinka ba.

Sai sarƙa, wadda masu gyara ke ce wa cen. Kama ta da yatsa biyu a gaban babban farantin haƙoran da feda ke juyawa, ka ja ta waje. Idan ta ɗago har kana ganin haƙori a ƙarƙashinta, ta gaji. Dubi haƙoran farantin da na baya. Idan sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, su ma sun tafi. Sarƙa ita kaɗai ba ta da tsada sosai. Sarƙa da haƙora gaba da baya kuwa, kuɗi ne.

Daga nan sai ka hau. Mai keken da ya hana ka ɗan zagayawa, ka yi masa sallama. Canja giya ɗaya bayan ɗaya, daga sama har ƙasa. Taka da ƙarfi ka ji ko sarƙa za ta yi tsalle. Ja birki biyun. Sassauta riƙon kai kaɗan ka ji ko keken yana fizgar ka gefe ɗaya. Idan yana fizga, wani abu ya karkace.

Abu ɗaya kuma, don Allah. Ka san wanda ya sayar maka. Ka karɓi rasit. A ƙarƙashin keken, inda fedoji suka haɗu, yawanci akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfe. A rubuta ta a rasit ɗin. Idan an kankare lambar, ko kuma wani ya tare ka a lungu da keke mai tsada a rabin kuɗi yana waige-waige, kada ka taya. Kayan wani ne, mai shi yana can yana nema.

Magana ta huɗu gajera ce: giya.

Za ka ji ana ta kiran sunaye. Kamfanin Shimano na Japan shi ya fi yawa, kuma kayansa hawa-hawa ne. Akwai Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da na sama da shi. Kada sunayen nan su ruɗa ka. Claris ko Sora sun isa ka yi shekaru kana hawa. Sarƙar mai jeri 8 ta fi kauri, ta fi araha, ta fi sauƙin samu. A kekunan zamani, mariƙin birki shi ne kuma na canja giya. Yana da daɗin aiki, amma in ya lalace da wuya ya gyaru, sabonsa kuma tsada. Gwada shi sosai kafin ka biya. Tsofaffin kekuna kuwa suna da 'yan ƙananan hannuwa biyu na canja giya a jikin firem. Kada ka raina su, ba su cika lalacewa ba.

Mutumin Kano ko Maraɗi, inda ƙasa take shimfiɗe, kowace giya za ta yi masa. Mutumin Jos kuwa ya nemi mai ƙaramin faranti a gaba, mai haƙori 34, da babban haƙori a baya, 28 ko 32, saboda hawa. Birki kuma, irin na roba mai kama gefen wili ya wadatar. Kowane mai gyara ya san shi.

Yanzu mu zo magana ta biyar, inda masu farawa suka fi shan wuya. Taya.

Kafin ka biya kuɗi, karanta gefen tayar. Nemi lamba 622. Za ka ga an rubuta, misali, 25-622, ko kuma 700 da 25C. Abu ɗaya suke nufi. Wannan 622 faɗin wilin ne a milimita, kuma shi ne awon keken tsere na yau. Wasu tsofaffin kekunan gwanjo suna da wili mai inci 27, wanda lambarsa 630. Na iyayenmu kuwa 635 ne. Bambancin kaɗan ne a ido, amma tayar wannan ba ta shiga wilin wancan. Akwai keke mai kyau da yawa da ke jingine a soro saboda an rasa tayarsa. Don haka ka zaga wurin masu sayar da kayan keke a garinku tukuna. Tambaye su: kuna da taya da tiyub na 700? In babu a garinku, daga ina ake kawowa, kwana nawa? Ka san wannan kafin ka saya.

Ɗaya lambar, wato 23, ko 25, ko 28, kaurin tayar ne. A titunanmu, mai kauri ta fi. Idan firem ɗin zai ɗauki 28, sa 28. In zai ɗauki 32, ya fi kyau. Ta fi laushi a kan faci-facin kwalta, ta fi jure rami. Dubi tazarar da ke tsakanin taya da firem, da kuma ƙarƙashin birki. Tsofaffin kekunan tsere da yawa ba sa ɗaukar fiye da 25.

Sai bakin tiyub, inda ake ba da iska. Yawancin kekunan tsere suna da siririn baki mai ɗan noti a kai, ana ce masa Presta. Sai ka kwance notin, ka ɗan danna shi iska ta yi fus, sannan famfo ya yi aiki. Injin mai facin bakin titi an yi shi ne don baki mai kauri irin na mota da babur. Za ka iso wurinsa da tayar da ta sace, ya juya bakin nan ya dube shi, ya ce maka, "Malam, wannan ba ya shiga." Maganin abu ne ɗan ƙarami, wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa a kan bakin ya koma irin na mota. Saye shi rana ɗaya da keken, ka bar shi a aljihu ko a jikin taya.

Siririyar taya tana son iska sosai, kuma tana rage iska da kanta cikin 'yan kwanaki. Matsa ta da babban yatsa kafin kowace fita. Idan ta yi laushi ka faɗa rami, wili zai datse tiyub, ka ga huda biyu gefe da gefe. Ga kuma tsidau a gefen titi bayan damina, ga fasassun kwalabe. Faci dole ne. Koyi cire taya da hannunka tun a gida, a inuwa, kafin ranar da za ta same ka a hanyar da ba kowa.

Wannan ya kawo mu maganar kuɗi, magana ta ƙarshe.

Ba zan faɗi farashi ba, domin na yau daban, na wata mai zuwa daban. Amma ko nawa ka tara, kada ka zube shi duka a kan keken. Ware kamar kashi ɗaya cikin biyar. Da shi za ka sayi hular kwano. Ita ce ta farko, kuma a nan ina son sabuwa, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. Sai famfo, da tiyub ɗaya na ajiya, da kayan faci. Sai fitila, fara a gaba, ja a baya, tunda yawancinmu bayan asuba ko da yamma muke fita saboda rana. Sai kwaɗo mai ƙarfi, da gorar ruwa. Abin da ya rage ka kai wa mai gyara ya kwance keken, ya wanke boris, ya sa giris, ya canja wayoyin birki da robobinsu.

Takalmi na musamman mai maƙalewa a feda, da matsattsun kayan 'yan gasa, duk ba yanzu ba. Takalminka na ƙwallo ya isa. Ka dai tattare bakin wandon dama ka ɗaure, kuma kada ka hau da doguwar riga tana lilo kusa da sarƙa ko wayoyin wili.

Sarƙar nan kuma ka kula da ita, musamman da hunturu. Kada ka tsiyaya mata baƙin mai har ta riƙa ɗiga. Ƙura za ta manne, ta zama tamkar dutsen wasa tana cin haƙora. Goge ta da tsumma, ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, juya feda baya, ka sake gogewa har sai wajenta ya bushe. A lokacin ƙura, yi haka duk sati.

Satin farko mazaunanka za su yi tsami, wuya ma zai ɗan yi nauyi. Wannan kowa ya sha shi, yana wucewa. Fara da rabin awa, ka riƙa ƙarawa a hankali. Amma idan gwiwa ce ke suka, ko yatsu suna mutuwa, kada ka daure. Koma wurin mai gyara, ku sake duba tsayin sirdi da nisan kai.

Nan za mu dakata a yau. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. A hau lafiya, a sauka lafiya.